Ungozoma a Bakin Daji: Rayuwar Patty Sessions da Kafuwar Ƙasar Yuta



Gabatarwa

Duk inda aka ba da tarihin kafuwar wani gari, sunan da ake fara ambata shi ne na jagoran da ya sauke kaya, ya sare itacen farko, ya ce a nan za a zauna. Haka abin yake a tarihin yammacin Amurka. Littattafai sun cika da labarin mazajen da suka ja ayari suka ratsa daji da duwatsu. Amma sauke kaya zango kawai yake kafawa. Zango ba ya zama gari sai an haihu a cikinsa, jariran sun rayu, an dasa itacen da sai bayan shekaru zai ba da 'ya'ya, an kuma koya wa yara karatu. Galibin wannan aiki a hannun mata yake, kuma ba safai ake rubuta shi ba.

Wannan lacca za ta duba rayuwar mace guda wadda ta yi irin wannan aiki, ta kuma rubuta shi da hannunta. Sunanta Patty Bartlett Sessions, ungozoma ce, mabiyar ɗarikar Mormon. Ta riƙa ajiye labarin abin da take yi kullum tun daga shekarar 1846 har zuwa 1888, watau shekara arba'in da biyu. An buga wannan kundi nata a 1997, bayan wata mai bincike, Donna Toland Smart, ta tsara shi. Daga cikinsa ake iya ganin abin da kafa ƙasa ya ci wa mace, da kuma abin da ya ba ta.

Su wane ne 'yan Mormon?

Wani mutum mai suna Joseph Smith ne ya kafa wannan ɗarika ta Kirista a jihar New York ranar 6 ga Afrilu, 1830. Ya ce an yi masa wahayi, ya kuma fito da wani littafi da mabiyansa ke karantawa tare da Baibul. Daga sunan littafin ne aka yi musu laƙabi da Mormon, ko da yake shugabanninsu na yanzu sun fi son a kira su da cikakken sunan cocinsu. A yau suna da mabiya a ƙasashe da yawa, har da Nijeriya, inda suka buɗe babban ɗakin ibadarsu a Aba a 2005.

Tun farkon al'amarinsu ba su zauna lafiya da maƙwabta ba. Dalilan kuwa suna da yawa. Sauran Kirista suna ganin koyarwarsu bidi'a ce. Bugu da ƙari, duk inda suka sauka sai su taru wuri guda, su yi ciniki a tsakaninsu, su jefa ƙuri'a baki ɗaya, abin da ya sa mutanen wurin ke tsoron za a ƙwace musu mulki. A jihar Misuri rikicin ya kai ga zub da jini, har Gwamna Lilburn Boggs ya ba da oda a watan Oktoba na 1838 cewa a kore su daga jihar ko a hallaka su. Suka koma jihar Ilinoi, suka gina birnin Nauvoo a bakin kogin Misisifi. Nan ma ba a daɗe ba rigima ta sake tashi, musamman da aka fara jin raɗe-raɗin cewa shugabanninsu suna auren mace fiye da ɗaya a asirce. Ranar 27 ga Yuni, 1844, wasu gungun mutane suka afka wa gidan kurkukun Carthage, suka kashe Joseph Smith da wansa Hyrum. Ragamar mafi yawan mabiya ta koma hannun Brigham Young, wanda ya yanke shawarar a fita daga iyakar Amurka ta wancan zamani, a nufi bayan duwatsun yamma inda ba mai damunsu.

Tasowarta

An haifi Patty Bartlett ranar 4 ga Fabrairu, 1795, a yankin Maine, can arewa maso gabashin Amurka, ƙasar sanyi da kurmi. Tana da shekara 17 ta auri wani manomi, David Sessions, a 1812. Uwar mijinta ungozoma ce, kuma a wurinta ta gaji sana'ar. An ruwaito cewa wata rana aka aiko kiran tsohuwar zuwa wurin wata mai naƙuda, da yake ba ta iya sauri sai amaryar ta riga ta isa, kafin kowa ya zo har ta karɓi haihuwar lafiya. Daga ranar mutane suka fara nemanta.

Ita kanta ta haifi 'ya'ya takwas, amma uku kaɗai suka girma: Perrigrine, da Sylvia, da David ƙarami. Biyar ta binne su da ƙuruciyarsu. Ya kamata a riƙe wannan a zuci, domin macen da za ta shafe rayuwarta tana karɓar 'ya'yan wasu ta san ɗacin rashin ɗa tun kafin ta bar garinsu.

A 1834 ta shiga ɗarikar Mormon, mijinta ya biyo ta daga baya. A 1837 suka sayar da gona da gida suka yi ƙaura zuwa Misuri. Ba su cika shekara biyu ba aka kore su tare da sauran 'yan'uwansu, suka bar abin da suka shuka. A Nauvoo suka sake gini, ta ci gaba da sana'arta, har aka san ta da laƙabin Uwa Sessions. To, sai ga ƙaura ta uku, wadda ta fi duka tsanani, ta same ta tana da shekara 51.

Hanya

Ayarin farko ya fara ƙetare Misisifi a watan Fabrairu na 1846, tsakiyar hunturu. Patty tana cikinsu, kuma a wannan wata ne kundinta ya fara. Shugabanni sun so ta kasance tare da ayarin gaba, domin akwai mata masu ciki da yawa a cikinsa. An yi zaton za a ratsa ƙasar Ayowa, tafiyar mil 300 ko kusa da haka, cikin 'yan makonni. Sai ruwan sama da taɓo suka riƙe su wajen wata huɗu. Kekunan shanu suna nutsewa har gindi, dabbobi suna ramewa, guzuri yana ƙarewa. A cikin wannan hali ake tashin ta da tsakar dare, ta hau doki ko ta taka da ƙafa cikin laka zuwa wata tanti ko wani keke inda mace ke naƙuda. Gari na wayewa ta dawo ta ɗaura wa shanunta kaya, ayari ya ci gaba.

Da suka ga damina ta ƙure musu, ba za su iya kaiwa duwatsu kafin sanyi ba, sai suka yada zango a bakin kogin Misuri, a ƙasar ƙabilar Omaha, wurin da suka kira Winter Quarters, watau mazaunin hunturu. Suka yi bukkoki na gungume da na ƙasa, waɗansu ma ramuka suka haƙa a jikin gangare. Zazzaɓin cizon sauro ya kama su, sa'an nan ga ciwon nan da rashin ganye da 'ya'yan itace ke kawowa, wanda ke kumbura dasashi ya baƙanta ƙafafu. Ɗaruruwan mutane suka mutu, yawancinsu ƙananan yara. Patty ma ta kwanta ciwo a ƙarshen daminar 1846 har aka fid da rai da ita, amma ta tashi. Tana samun sauƙi ta koma aiki, yau karɓar haihuwa, gobe jinya, jibi shirya gawa.

Brigham Young ya isa kwarin Babban Tafkin Gishiri ranar 24 ga Yuli, 1847, da ayarin share fage mai maza 143, mata 3 da yara 2. Wannan rana ita ce ake biki dominta a jihar Yuta har yau. Amma dubi yawan matan da ke ciki. Babban ayari mai iyalai a baya yake tafe, kuma a cikinsa Patty take, a rukunin da ɗanta Perrigrine ke shugabanta. Sun tashi a watan Yuni, suka isa kwarin ranar 24 ga Satumba. Ta rubuta cewa ita ta kora kekenta da kanta kusan dukan hanyar, tafiyar mil 1,030, in ban da wani yanki na duwatsun ƙarshe. Shekarunta 52 a lokacin. Kwana biyu da saukarta, ranar 26 ga Satumba, aka kira ta ta karɓi haihuwar ɗa namiji na farko da baƙin suka samu a kwarin.

Tsakanin 1847 da 1869, shekarar da jirgin ƙasa ya haɗa gabas da yamma, mutum wajen 70,000 ne suka bi wannan hanya. Matalauta daga cikinsu, waɗanda ba su da kuɗin shanu, amalanke suka riƙa turawa da hannu. A 1856 dusar ƙanƙara ta rutsa da ayari biyu na masu amalanke, fiye da mutum 200 suka halaka.

Kishiya a cikin keken shanu

Wahalar hanya kowa ya sha ta. Akwai kuma wata wadda kundin Patty ya bayyana, wadda tarihin mazaje ba ya ambata. Kafin su bar Nauvoo, mijinta ya auri wata mace mai suna Rosilla, bisa sabuwar koyarwar ɗarikar. A nan sai a lura da wani abu muhimmi. Waɗannan mata sun tashi ne a cikin al'ummar da auren mace biyu laifi ne a doka, abin kunya ne kuma a idon jama'a. Ba su gaji wata ƙa'ida ta zama da kishiya daga iyayensu ba. Babu tsarin rabon kwana da kowa ya sani, babu girman uwargida da al'ada ta tabbatar, babu ɗaki daban-daban, domin gidan gaba ɗaya keke ne da tanti. Al'amarin ma a ɓoye yake, sai a 1852 aka bayyana shi a fili. Don haka macen da abin ya dame ta ba ta da inda za ta kai kuka.

Patty ta yarda da koyarwar a matsayin addini. Ita kanta an ɗaura mata wani irin aure na ibada da Joseph Smith a 1842, wanda a aƙidarsu ya shafi lahira, alhali tana zaune a gidan mijinta. Duk da haka, abin da ta rubuta a watannin ƙarshe na 1846 cike yake da baƙin ciki. Ta ce amaryar ba ta taya ta aiki, tana gaya mata baƙar magana, tana kuma neman janye mijin daga gare ta. Ta ce mijin yakan juya mata baya, ita kuwa takan kwana tana kuka ita kaɗai. Labarin daga bakin mutum ɗaya aka ji shi, domin Rosilla ba ta bar nata kundin ba, kuma mai adalci zai tuna cewa ita ma baƙuwa ce a cikin tsarin da ba wanda ya san kansa. A ƙarshen shekarar Rosilla ta rabu da su ta koma gabas.

Abin bai tsaya nan ba. A farkon 1850 David ya sake auren wata yarinya mai suna Harriet, a watan Agusta na shekarar kuma ya rasu. A ƙarshen 1851 Patty ta auri John Parry, mutumin ƙasar Wales, wanda ya fara jagorantar ƙungiyar mawaƙan cocin da ta shahara daga baya. Shi ma ya ƙara aure. Mai karanta kundin zai ga yadda, shekara bayan shekara, ta rage dogara ga abin hannun miji, ta mai da hankali ga neman na kanta. Zafin kishi bai kashe ta ba, ya dai koya mata riƙe lissafi.

Aikin kafa gari

Kwarin da suka sauka busasshe ne, ruwan samansa ba ya isar noma. Tun ranakun farko suka tare wani rafi da ke gangarowa daga duwatsu, suka ja ruwansa cikin gonaki. Suka gina ganuwa da ɗakunan tubali, a ciki Patty ta yi hunturunta na farko. A 1848 wasu ƙwari masu kama da fara suka afka wa amfanin gona, sai tsuntsayen tafki suka sauko suka cinye da yawa daga cikinsu, abin da 'yan ɗarikar ke ɗauka taimako ne daga Allah. A shekarar ce kuma yankin ya fita daga hannun Meziko ya shiga hannun Amurka, watau gwamnatin da suka gudar wa ta sake cim musu.

A cikin wannan yanayi aikin Patty ya kasu kashi uku. Na farko shi ne ungozomanci. Adadin haihuwar da aka ruwaito ta karɓa a tsawon rayuwarta shi ne 3,977. Ladanta yawanci dala 2 ne, kuma da yake kuɗi ba su da yawa a sabuwar ƙasa, sau da dama da gari ko itacen wuta ko wani aiki ake biyanta. Tana rubuta sunan mai haihuwa, da ranar, da abin da aka haifa, da wanda ya biya da wanda ake bi. Saboda haka kundinta ya zama tamkar rajistar haihuwa tun kafin hukuma ta kafa tata. Tana haɗa magunguna na saiwa da ganye, tana kuma cikin shugabannin majalisar lafiya ta mata da aka kafa a farkon shekarun 1850, inda ake koya wa mata kula da masu ciki da jarirai.

Na biyu shi ne lambu. Ta dasa itatuwan marmari a filinta na birnin Salt Lake, tana renon dashe tana sayarwa, tana shanya 'ya'yan itace domin hunturu. Har akwai wani iri mai kama da ɗinya da aka sa wa sunan gidansu. Wanda ya dasa itace ya yanke shawarar zama ke nan, kuma ga mutanen da aka kora sau biyu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ban da lambu tana saƙa, tana ɗinki, tana saukar da baƙi a gidanta da lada.

Na uku shi ne sarrafa dukiya. Tana fid da ushirin abin da ta samu ga coci, tana kuma ba da gudummawa ga asusun da ake ɗauko matalautan mabiya da shi daga Turai. Abin da ya saura ta zuba shi a babban kantin haɗin gwiwa na ZCMI, har jarinta ya kai dala 16,000 a 1883. A 1872 ta koma garin Bountiful, wanda ɗanta Perrigrine ya kafa a arewacin birnin tun 1847. A can ta gina makaranta da kuɗinta, aka buɗe a 1883, domin jikokinta da 'ya'yan talakawa su yi karatu kyauta. Shekarunta 88 a lokacin.

Masu ƙasa

Laccar za ta zama ragaggiya idan aka bar jama'a da zaton cewa kwarin kango ne kafin zuwan baƙi. Ƙasar ƙabilun Ute da Shoshone da Goshute da Paiute ce. Rafukan da aka tare domin ban ruwa, da filayen da aka sake wa shanu, su ne wuraren da waɗannan mutane ke farauta, suna kamun kifi, suna tara tsaba. Da gonaki suka yaɗu sai yunwa ta kama su, cututtukan da baƙi suka kawo kuma suka yi musu ɓarna. Aka gwabza yaƙi da Ute a 1853, aka sake gwabzawa daga 1865. A watan Janairu na 1863 sojojin Amurka suka kashe ɗaruruwan Shoshone a bakin kogin Bear. A ƙarshe aka tattara waɗanda suka rage aka tsugunar da su a keɓaɓɓun wurare.

A 1854 Patty ta shugabanci ƙungiyar matan unguwarta masu ɗinka tufafi domin matan waɗannan ƙabilu da 'ya'yansu. Ba shakka da kyakkyawar niyya ta yi. Amma gaskiyar magana ita ce, mai ba da rigar yana cikin waɗanda zuwansu ya jawo tsiraicin. Mutanen da aka kora daga Misuri da Ilinoi su ne suka zama sanadin korar wasu. Kowane jariri da ta karɓa ƙarin ƙarfi ne ga sabuwar al'umma, ƙarin matsi ne kuma ga tsohuwar. Dole mai nazarin tarihi ya riƙe waɗannan abubuwa biyu tare, kada tausayin wani ya rufe masa ido ga wani.

Ƙarshen rayuwarta

Ta yi tsawon rai har ta ga abubuwan da ta sha wuya dominsu sun sauya. Matan Yuta sun sami 'yancin jefa ƙuri'a a 1870, shekara hamsin kafin a ba dukan matan Amurka. A 1887 majalisar ƙasa ta ƙwace wannan 'yanci a cikin dokar da ta yi domin murƙushe auren mace fiye da ɗaya, aka ɗaure mazaje da dama, aka kama dukiyar coci. A 1890 shugaban ɗarikar, Wilford Woodruff, ya ba da sanarwar daina ɗaura irin wannan aure. Watau tsarin da ya sa ta kwana tana kuka a bakin kogin Misuri, an janye shi tana da rai. Ta rasu a Bountiful ranar 14 ga Disamba, 1892, tana da shekara 97. Bayan shekara uku da 'yan makonni Yuta ta zama cikakkiyar jiha.

Kammalawa

Kundin Patty Sessions ba shi da ado. Yawancin abin da ke ciki gajerun layuka ne: ta yi wanki, ta yi saƙa, ta kwana wurin mai naƙuda, an biya ta, ta dasa itace. Wanda ya buɗe shafi ɗaya zai ce babu komai a ciki. Sai an haɗa shekara arba'in da biyu ake ganin yadda zango ya zama gari, da irin hannun da ya yi aikin, da kuma waɗanda aka tura gefe domin a yi shi. Da ba ta rubuta ba, da abin da zai rage na labarinta bai wuce suna a kan dutsen kabari ba, kamar dubban matan da suka bi hanyar tare da ita.

Saboda haka, ɗalibin da ya tashi binciken kafuwar wani gari, bayan ya tambayi wanda ya sari daji, sai ya ƙara da tambayar wadda ta yanke cibiyar 'ya'yan farko. Ma'aikacin da aka damƙa wa rajistar haihuwa ko littafin asibiti kuwa, ya san cewa abin da yake cikawa kullum, ko da ya ga kamar ba shi da daraja, shi ne abin da masu tarihi za su nema bayan shekara ɗari.